Kalmomi Takwas Da Auta Ta Cire

SHAFI NA 19

Masu turo min "Malama, shiru?" sau arba'in a rana, na ji ku. Ba rowa na yi ba, wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Ku gyara zama, mu koma wurin matar Dogo.

*

Wata bakwai da kwana huɗu ke nan da Dogo ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Ya ce min aikin jan wayar wuta ya samu a wani sabon gini, kwana biyar zai yi ya dawo. Ina da cikin wata bakwai a lokacin. Yanzu yarinyar har ta fara kifewa da kanta, ba ta taɓa ganin ubanta ba.

Na daina kuka tun a wata na uku. Kar ku yaba min, ba haƙuri na yi ba, ƙarewa kawai ya yi. Ina tashi, in yi salla, in ba yarinya nono, in miƙa wa Mama ita, in tafi makarantar da nake koyar da 'yan aji biyu. In aka yi dariya a ɗakin malamai, ni ma sai in buɗe haƙora.

Abu ɗaya ne ban fasa ba. A fuskar wayata akwai wani ɗan maɓalli da ƙanwata Auta ta ajiye min tun makon farko. Ita ce 'yar jami'ar gidanmu, ita ta san kan waya. Ta ce, "Yaya, ba sai kin rubuta komai ba. Danna nan kawai, zai nemo miki sunan Yaya Dogo a duk intanet." Ina dannawa da safe, ina dannawa in an fita tara, ina dannawa bayan la'asar. Kullum abu huɗu yake kawo min: hoton bikin wani abokinsa, tallan gyaran wuta da ya taɓa sawa, jerin waɗanda suka gama makarantar koyon sana'a shekara tara da suka wuce, sai wani mai irin sunansa da ke sayar da kaji.

Ranar Litinin cajina ya ƙare, na shiga ɗakin kwamfuta in jona. Sabuwar malamar kwamfuta da aka kawo wannan zangon tana zaune tana cin biskit a kan takardun jarrabawa. Irin matan nan ne da ba sa ganin fuskar wayar mutum su kau da kai.

"Malama, wannan mai kajin dai kullum? Ko oda za ki yi ne?"

"Mijina nake nema."

Ta tsaya da tauna.

"Wayyo. Yi haƙuri, bakina ya fi ni sauri. An faɗa min, na manta ke ce."

"Ba komai."

"Kawo in gani, don Allah. Yadda mutane ke bincike yana sa ni ciwon kai. Sai mutum ya zuba wa injin kalma ashirin kamar yana kai ƙara wurin surukarsa."

Na miƙa mata don ba ni da ƙarfin cewa a'a. Ta kaɗe hannunta a jikin zani, ta taɓa layin da ake rubutu a sama.

"A'a, wanda ya haɗa miki wannan ya iya. Kin ga 'yan alamomin zancen nan, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshen sunan? Suna ce wa injin ya kawo sunan yadda yake, ukun a jere, kar ya wargaza su. In babu su, duk mai suna ɗaya daga ciki sai ya faɗo miki."

"Ƙanwata ce."

"Ta ci maki goma. Abin da ya rage mu ƙara masa kwanan wata, daga ranar da ya fita zuwa yau, mu huta da tsofaffin nan. Bari in..."

Ta ja yatsa a kan layin. Rubutun ya zame gefe. Ta sake ja, ya sake zamewa. Sai ta ajiye ledar biskit ɗin.

"Mene ne?"

"Kin taɓa jan layin nan har ƙarshe?"

"Ban san yana jawuwa ba."

"Sunan ya yi tsawo, shi ya cika wurin. Akwai sauran rubutu a bayansa."

Ta juyo min da wayar. Bayan sunan Dogo, kalmomi ne a jere, kowacce da ɗan gajeren layi manne a farkonta.

-haɗari -hatsari -asibiti -gawa -rasu -rasuwa -mutu -jikkata

Na karanta su sau biyu. Na ƙirga su ma, takwas ne.

"Me suke yi a nan?"

"Zauna tukuna."

"Ina jin ki a tsaye."

"Kin san alamar ɗebewa da kike koya wa yaranki? Biyar a ɗebe biyu?"

"Na sani."

"Ita ce nan. In aka manna ta a jikin kalma, ana ce wa injin, duk shafin da wannan kalmar take ciki, kar ka nuna min shi. Ko da sunan mijinki yana ciki sau goma."

Ta jawo linzamin kwamfutar da ke gabanta, ta buɗe wani shafi mai akwatuna a jere, kamar dai in ta nuna min a babban allo abin zai yi sauƙi.

"Kin gani, nan ne bincike mai zurfi. Wannan akwatin na jimla ce daidai yadda take. Wannan na kwanan wata. Wannan na irin takardar da kike so. Wannan kuma, karanta da kanki."

"Ban da waɗannan kalmomin."

"To a nan aka zuba su."

"Ko kuskure ne?"

Ta dube ni. Na ga tana so ta ce e.

"Malama, yatsa ba ya zamewa ya rubuta kalma takwas."

Ban ji komai ba, wallahi. Fanka tana juyawa a sama, wani yaro yana kuka a waje an ƙwace masa fensir, na lura da duk wannan. Abin da ya dame ni a lokacin, wai na bar alli a aljihun jakata zai ɓata min ciki.

"In goge su? Daƙiƙa biyu ne."

"A'a."

"Malama..."

"Ba ni wayata."

Ta ba ni. Ta yagi gefen wata takarda ta rubuta min yadda ake sa kwanan wata, mataki uku, ta cusa min a hannu. Na koma aji na koyar da karatu. Na duba littafi talatin da huɗu, na sa wa kowanne hannu. Aka tashi, na hau mota na koma gida.

*

Na tarar da Auta a tsakar gida tana shanya kayan yarinya. Mama tana ɗaki, ina jin ta tana yi wa jikarta 'yar waƙa.

"Yaya, sannu da dawowa. Yau 'yarki ta yi min fitsari har sau biyu, sai kin biya ni zanina."

"Ajiye bokitin."

"Saura kaɗan in..."

"Ajiye."

Ta ajiye. Na zauna a dokin ƙofar kicin, na nuna mata gefena. Na buɗe wayar, na ja layin yadda na ga an ja, na ɗora mata a cinya.

Ba ta ɗauka ba. Ta dube shi kawai, ruwa yana ɗiga daga yatsunta a kan siminti.

"Wa ya nuna miki?"

"Shi ne tambayarki?"

"Yaya..."

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce."

"Me kika gani?"

Ta goge hannunta a jikin zani.

"Auta, ba zan ɗaga murya ba, Mama tana ciki. Ba ni da muryar ma. Me kika gani?"

"Ranar da ya cika kwana shida ne. Ranar da aka dawo da ke daga awo, jininki ya hau."

"Na tuna."

"Likita ya ja ni gefe ya ce ko ƙofa kar a buga da ƙarfi kusa da ke. Ya ce kin rasa ciki biyu, wannan in ya tafi zai iya tafiya da ke."

"Ba likita na tambaye ki ba."

"A nan na zauna, nan inda muke. Na rubuta sunansa. Na biyar a jerin, labari ne. Wai motar haya ta yi taho-mu-gama da tirela, mutum sha ɗaya sun rasu. A ƙasa akwai layi biyu, ƙanana. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai... sai sunansa. Sai ɗigo uku."

"Sai kika buɗe."

Ta girgiza kai.

"Ba ki buɗe ba?"

"A'a."

"Har yau?"

"Har yau."

"Wata bakwai, Auta."

"In ban buɗe ba ai bai tabbata ba, Yaya."

Na dubi ƙanwata. Ni na goya ta, ni na raka ta makaranta ranar farko. Sai yau na lura wuyanta ya zama siriri, ƙasan idonta ya yi baƙi. Muna kwana ɗaki ɗaya da ita, ban gani ba.

"Ba ma hanyar da ya ce zai bi ba ce," ta ce, tana magana da sauri yanzu. "Hanyar ta yi wani wajen daban. Shi ya sa su Kawu da suka bi asibitocin waccan hanyar ba su samu komai ba. Na ce wa kaina ƙila wani ne. Ƙila mai kajin nan ne."

"Mai kaji yana nan lafiya. Jiya ma ya sa hoton 'yan tsaki."

Wani sauti ya fito mata, ban san ko dariya ba ce. Ta toshe baki da hannu.

"Kika ce in ba ki waya ki duba da kanki. Na san in kin rubuta za ki gani. Sai na ce bari in haɗa miki. Na cire haɗari, labarin bai tafi ba, sun rubuta hatsari. Na cire wannan. Sai na ji tsoron kar wani ya sake fitowa gobe, na yi ta ƙarawa, duk kalmar da ta zo min."

"Na haihu ai."

"Na ce in kin warke."

"Na warke."

"Na ce in kin koma aiki. Sai na ga in kin danna kin ga babu komai, kina iya cin abinci. Kullum sai na ce gobe. Yaya, wallahi kullum sai na ce gobe."

Daga ɗaki Mama ta ɗaga murya. "Ku biyun nan, ƙus-ƙus ɗin me kuke yi? In gulmata ce ku shigo mu yi tare."

"Lissafin makaranta ne, Mama," na ce.

Na ɗauki wayar daga cinyar Auta na sa mata a hannu.

"Da hannunki kika sa, da hannunki za ki cire."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Kin ci maki goma, an faɗa min."

Ta fara daga ƙarshe. Jikkata ta tafi. Mutu ta tafi. Garin gogewa har ta haɗa da harafin ƙarshe na sunansa, ta mayar. Da ta gama, layin ya koma gajere, sunan Dogo kaɗai a tsakanin alamominsa. Na ba ta 'yar takardar malamar kwamfuta.

"Sa kwanan wata. Daga ranar da ya fita zuwa wata ɗaya."

Ba ta ko dubi takardar ba, ta san hanya. Ta zaɓi ranakun, ta tsaya.

"Danna."

Ta danna, ta rufe ido, ta miƙo min.

Mai kaji ya ɓace. Hoton biki ya ɓace. Abu biyu ne kawai a shafin, ban taɓa ganin ko ɗaya ba.

Na buɗe na farko. Hoton mota ne, ta naɗe kamar gwangwanin madara da aka taka. Na wuce shi. A ƙasa an rubuta sunayen waɗanda suka rasu, ɗaya zuwa sha ɗaya. Na ɗora yatsa na bi su yadda nake kiran sunan 'yan ajina da safe. Na ɗaya ba shi ba ne. Na biyu mace ce. Na bi har na sha ɗaya, na dawo sama na sake bi.

"Ba ya ciki."

Auta ta buɗe ido. "Me?"

"Ba ya cikin sha ɗayan."

Na ƙara ja ƙasa. Akwai wani ɗan jerin, mutum huɗu, waɗanda aka kwasa da rai. Dogo ne na biyu.

Na koma baya na buɗe ɗaya shafin. Sanarwa ce daga ofishin kula da marasa galihu na wani babban asibiti, a wani gari da ban taɓa zuwa ba. ANA CIGIYAR 'YAN'UWA. Da hoto. An aske masa kai, an naɗe rabi da bandeji, fuskar ta kumbura. Amma tabon da tsani ya yi masa a gira yana nan inda yake.

Na karanta a fili, a hankali, don kar Mama ta ji.

"An kawo wannan bawan Allah asibiti daga hatsarin mota. Ba a same shi da waya ba. An ga sunansa a jikin wani tsohon katin makarantar koyon sana'a da ke aljihunsa. Ya bugu a ka, ba ya magana. Yana ɗakin maza na asibitin nan, gado na tara. Duk wanda ya san shi ya kira wannan lamba."

Kwanan watan yana sama. Kwana sha biyu bayan fitarsa.

"Cire kwanan watan," na ce wa Auta. "Sa har zuwa yau."

Ta karɓa ta cire. Sanarwar ta fito sau huɗu. Sun sake sawa bayan wata ɗaya, sun sake bayan wata uku. Ta ƙarshe wata biyu ke nan, hoton ya canza, babu bandeji, ya rame, an sa masa wata riga mai faɗi da ba tasa ba. A kowacce, kalmar asibiti tana layin farko.

Auta ta zame daga dokin ƙofar ta durƙusa a jiƙaƙƙen siminti. Ba ta yi ƙara ba. Ta kama ƙafata da hannu biyu tana cewa, "Yana da rai, na ɓoye shi. Yaya, yana kiranmu na ɓoye shi."

Na nemi fushi a cikina ban samu ba. Na nemi murna, ita ma babu. Na san ya kamata in mare ta ko in rungume ta, na kasa zaɓa, sai na ce mata ta matsa, ta taka min gefen zani.

Na kwafi lambar. Ƙarfe huɗu saura minti goma, na ce a raina ƙila ma sun tashi daga aiki.

Na kira, wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Sau biyar.

"Salamu alaikum, ofishin walwala." Muryar mace ce, babba, da alamar gajiya.

"Wa alaikumus salam. Ina kira ne a kan wata sanarwa. Ɗakin maza, gado na tara."

Na ji an ja kujera.

"Sake faɗa."

"Gado na tara."

"Ke wace ce a wurinsa?"

"Matarsa."

"Yana da mata?"

"E."

"Baiwar Allah, ina kika shiga?"

Na dubi Auta a ƙasa. "Ban gani ba ne. Sai yau."

"Sau huɗu na sa hoton nan da hannuna. Har gidan rediyo na aika. Makarantar da ke jikin katin ma an rufe ta." Ta ja numfashi. "Faɗa min wata alama a jikinsa da ba ta cikin hoton."

"Ɗan yatsansa na hagu, ƙaramin, ba ya lanƙwasuwa. Wuta ce ta ja shi."

Na ji ƙarar makullai.

"Kar ki kashe. Tafiya zan yi da ke."

"Yana... yana nan?"

"Na ce kar ki kashe."

Takun takalminta ya fara, ƙwas, ƙwas, a wani dogon wuri mai amsa sauti. Wani ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Keken marasa lafiya ya wuce yana kuka. Tana tafe tana magana, numfashinta yana yankewa.

"Ki saurare ni. Yana cin abinci in an ba shi a baki. Yana zama in an zaunar da shi. Wata bakwai bai ce uffan ba, bai kuma nuna ya san kowa ba. Likitoci sun ce kar a sa rai. Ina faɗa miki ne don kar ki ce ban faɗa ba."

"To."

"To kawai?"

"To."

Wata ƙofar. Hayaniyar ɗaki mai mutane da yawa, tari, rediyon wani. Takun ya tsaya.

"Ga shi, idonsa biyu, yana kallon taga. Zan sa masa a kunne. Yi magana."

Aka yi ɗan gurzawa, sai numfashi. A hankali yake shiga, a hankali yake fita, da ɗan fito a ƙarshe saboda hancinsa da ke toshewa ta gefe ɗaya. Shekara shida ina kwana kusa da wannan numfashin.

Auta ta ɗago kai tana kallona.

"Dogo," na ce. "Ni ce."

Numfashin ya tsaya.

Na ƙirga ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Sai wani sauti daga can cikin maƙogwaro, mai nauyi, ya taso ya maƙale, ya sake tasowa. Wani abu na ƙarfe ya faɗi ƙasa yana gangarawa. Wayar ta bugi katifa, muryar matar ta yi nisa.

"Sista! Sista, bar wannan, zo gado na tara!"